Rahoton Kwamitin Baburan Ƙanƙara na Hunturun 2024 zuwa 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mambobin wannan ƙungiya mazauna birnin Edmonton na ƙasar Kanada da kewaye, ga rahoton da kwamitin kula da baburan ƙanƙara ya saba gabatar muku a ƙarshen kowane hunturu. Kusan duk aikin bana ya tafi ne a kan abu guda, wato sauya sarƙar roba da kayan da ke juya ta a babura biyu daga cikin ukun da ƙungiya ta mallaka, domin su iya shiga dusar ƙanƙara mai zurfi a duwatsun Valemount da ke lardin British Columbia, tafiyar kusan kilomita 500 daga nan.

Waɗanda suka je tafiyar bara sun san dalili. A kan hanyar da aka daddaɓe babu abin da ke damun baburanmu, amma da zarar an kauce an shiga dusa sabuwa mai laushi, wadda take kai wa mutum ƙugu, sai sarƙar ta haƙa rami a ƙarƙashin kanta, babur ya nutse, mutum uku su shafe rabin awa suna haƙa da shebur. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin babur ɗin ba, sarƙar tana kama da ta katafila, sai dai ita ta roba ce, kuma tana da farata a bayanta waɗanda suke kwasar dusa suna watsa ta baya. Tsawonta ne yake raba nauyin babur a kan dusa don kada ya nutse, tsayin faratan kuma shi ne yake ba shi abin turawa.

Babur na farko yana ɗauke da sarƙa mai tsawon inci 137 da farata masu tsayin inci 1.25, wadda asali ta hanya ce. Mun sa masa mai inci 146 da farata inci 2. Da yake sarƙa zagaye take, ƙarin inci 9 yana nufin ƙafafun baya za su ja da baya da kusan inci 4.5, don haka sai da aka ƙara wa dogayen ƙarafan da take gudu a kansu tsawo, aka kuma ƙara rufin alminiyom da ke kanta, domin dusar da take watsawa ta riƙa bugun bututun da ke sanyaya ruwan inji. Waɗannan babura ba su da lagireto irin na mota, dusar ce take yi musu wannan aiki. Wannan babur bai ba mu wahala ba, tunda tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin tsohuwar sarƙar da sabuwar iri ɗaya ce, inci 2.86.

A babur na biyu ne muka yi kuskure, kuma kwamiti ya ɗauki laifin, ba wanda ya sayar mana da kaya ba. Mun yi odar sarƙa mai farata inci 3 ba tare da mun lura cewa tazarar gaɓoɓinta inci 3.0 ce ba, alhali ƙafafun haƙoran da ke juya ta a jikin babur na inci 2.86 ne. Bambancin a takarda bai taka kara ya karya ba, amma haƙori ba ya faɗawa gurbinsa, kuma da mun matsa mun ɗaura ta a haka, da ta riƙa tsallake haƙora har ta yage. Dole muka ciro sandar da ke juya sarƙar, aka kai ta gareji aka cire tsofaffin ƙafafun da injin matsi aka sa sababbi, muka kuma yi amfani da damar muka sauya boris ɗin gefe biyu, waɗanda dama sun fara ƙara. Wannan ya ci mana makonni uku na farkon hunturu.

A nan ne muka koyi abin da ya fi komai amfani a bana. Tsofaffin ƙafafun suna da haƙora 8, amma dogayen farata ba za su wuce ta gaban rufin ba tare da sun goge bututun sanyaya ruwa ba, don haka muka koma masu haƙora 7, waɗanda suka fi ƙanƙanta. Lissafin a fili yake: haƙora 8 sau inci 2.86 suna tura sarƙa kusan inci 23 a kowane juyi, haƙora 7 sau inci 3 kuma inci 21 kacal. Ke nan gudun babur ya ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari, ƙarfin jansa ya ƙaru, wanda shi ne ainihin abin da sarƙa mai nauyi take bukata a cikin dusa mai zurfi. Saboda haka ba mu taɓa giyoyin da ke cikin akwatin cen na wannan babur ba, wato akwatin da ke kai juyin inji ga sandar da ke juya sarƙar. A na farko kuwa, da ƙafafunsa ba su canja ba, sai muka sa ƙaramar giya a sama cikin akwatin cen ɗinsa domin mu sami irin wannan sauƙin. Mun kuma zaɓi ƙafafun da suke kama sarƙa ta ciki da kuma ta ramukanta, waɗanda ba sa barin ta tsallake ko da an ɗan sassauta ta. Wani daga cikin dattawanmu ya tuna mana cewa haƙƙin mallakar ƙirƙira da Joseph-Armand Bombardier ya samu a 1937 a garin Valcourt na Quebec a kan wannan haɗin ƙafar haƙora da sarƙa ne, shekaru 22 kafin ya fito da babur ɗin ƙanƙara mai suna Ski-Doo a 1959. Abin da ya ba mu wahala a gareji shi ne tushen na'urar gaba ɗaya.

Sai maganar kuloci. Edmonton tana kan tudun da bai kai mita 700 ba, wuraren da muke hawa a Valemount kuwa suna kusan mita 2,000, kuma injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Idan aka bar kulocin yadda yake, injin ba ya kai juyin da ƙarfinsa yake fitowa, wanda a irin namu yake kusa da 8,000 a minti, bel ya yi ta zamewa yana zafi har ya tsinke. Mun rage nauyin ƙarafan da ke cikin kulocin gaba, muka sauya sifirin, sannan muka gwada sau biyu a kan dutse kafin muka gamsu. Bel ɗaya ne ya ƙone mana a duk tsawon hunturun, shi ma kafin gyaran ne.

Akwai abin da aka rasa, kuma ya kamata kowa ya sani. Dogon farce ba ya son hanya mai tauri. Robar zamiya da ke ƙarƙashin ƙarafan tana bukatar dusa ta riƙa jiƙa ta, in ba haka ba ta narke, inji ya yi zafi, faratan su fara ɓallewa idan an yi gudu sosai. Mun ɗaura wa baburan biyu ƙarafan da ke kankarar ƙanƙara suna watsa ta ciki, kuma duk wanda zai hau a kan hanya sai ya sauke su, ya kuma rage gudu. Babur na uku mun bar shi yadda yake da gangan, domin sababbin mahaya da iyalai, duk da cewa wasu matasanmu sun so a gyara shi shi ma. Ra'ayin kwamiti shi ne ƙungiyar da yawancin mambobinta ba su daɗe da fara ganin dusa ba tana bukatar babur ɗaya mai sauƙin sarrafawa.

Babban abin da ya dami kwamiti shi ne baburan yanzu suna kai mu inda da ba ma iya zuwa, kuma can ne dusa take zaftarewa. A watan Disamba na 2008 mahaya takwas suka rasu a zaftarewar dusa kusa da Fernie, a watan Maris na 2010 kuma wasu biyu a dutsen Boulder kusa da Revelstoke, duk a wannan lardi da muke zuwa. Don haka daga bana ba a ba kowa makullin baburan biyu sai ya yi kwas na matakin farko kan kauce wa zaftarewar dusa da hukumar Avalanche Canada ta tsara, yana ɗauke da na'urar gano wanda dusa ta binne da sandar caka da shebur, kuma an karanta hasashen haɗarin zaftarewar dusa na ranar kafin a tashi. Sau ɗaya muka fasa hawa bayan mun riga mun isa Valemount, saboda hasashen ya kai mataki na huɗu cikin biyar.

Abin da ya rage kafin hunturu mai zuwa shi ne sake duba tsaurin sarƙoƙin biyu da daidaiton su, tunda sabuwar sarƙa tana miƙewa, sai sauya man akwatin cen da robar zamiya ta babur na biyu. Ma'aji zai karanta kuɗin da aka kashe dalla-dalla a taron gaba, kuma a nan ne za a yanke shawara ko ƙungiya za ta ɗauki rabin kuɗin kwas ɗin ga ɗalibanmu.

Wassalam.

Sakataren kwamiti, a madadin sauran mambobinsa