Sanarwar Haɗuwar Ranar 18 ga Afrilu

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu sha'awar rediyo.

Ranar 18 ga Afrilu za mu haɗu a filin da muka saba bayan sallar la'asar, domin tunawa da kafa ƙungiyar IARU, wato ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta duniya, a Paris cikin 1925. Za mu ɗaura eriya mai reshe biyu ta zangon mita 40 (ɗaya daga cikin zangunan da muke magana da juna a rediyo), wadda kowane reshenta ke cin wayar tagulla kimanin mita 10, don haka mai waya ko igiya ya taho da su.

Kowa ya cika batirinsa tun daga gida, saboda bara ana tsakiyar magana da wata tashar Nijar wutarmu ta ɗauke, abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Wanda bai samu lasisin yin magana a rediyo ba tukuna, ya zo ya saurara kawai.

Allah ya kai mu lafiya.