Waƙa A Fim Ba Daga Indiya Kaɗai Ta Fito Ba

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili, kullum in aka tashi muhawarar rawa da waƙa a finafinan Kannywood sai ka ji an ce ai kwaikwayon Indiya ne, kamar su suka ƙirƙiro abin.

To fim ɗin Indiya mai magana na farko, Alam Ara, a 1931 ya fito. Jamusawa kuwa tun 1930 suna ta cika silima da waƙa, don da aka samu na'urar ɗaukar murya sai kawai suka juya wajen operetta, wasan dandamali ne da ake magana a kuma rera waƙa a ciki, mutanen Berlin da Vienna sun riga sun haddace waƙoƙin, kasuwa a shirye take. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasannin, Das Land des Lächelns na mai tsara kiɗa Franz Lehár, an fara shi a dandamali a Berlin 1929, shekara na zagayowa ya zama fim, kuma Richard Tauber wanda ya rera a dandamalin shi dai aka ɗauko. Labarin ma wallahi sai ka rantse namu ne, wata 'yar masu sarauta ta Vienna ta bi yariman Sin ƙasarsu, suna isa dangi suka ce al'ada sai ya ƙara mata huɗu, ita ko ta ce ba da ita ba kishiya, ta tattara ta koma gida.

Abin da ya fi burge ni, waƙar a cikin labarin aka haife ta, in ka cire ta wasan ya gurgunce. Ba a gama fim sannan a nemo waƙa a liƙa masa ba. Nan ne nake ganin ya kamata 'yan fim ɗinmu su duba, su bar musun wa ya fara.

Ƙarshen mutanen dai ba daɗi. Hitler na hawa mulki a 1933 Yahudawan harkar suka fara watsewa, Paul Abraham mai kiɗan wani operetta ɗin, Viktoria und ihr Husar, ya gudu, Richard Oswald da ya mai da shi fim a 1931 shi ma daga baya ya bar ƙasar, Tauber ya ƙare a Landan. Fritz Löhner-Beda, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta baitocin wasan Lehár ɗin nan, a sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi na Auschwitz aka kashe shi 1942, alhali ana ci gaba da rera waƙoƙinsa a Jamus ba a ko ambaton sunansa.

Naku,
Mai karatu daga Zariya