Zuwa ga Baba Rabaran, kan tambayar da kuka yi mini game da Whitsitt

Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kun isa gida lafiya.

A taron fastoci na watan jiya kun miƙe a gaban jama'a kuka tambaye ni: wane ne wannan Whitsitt da muke cusa wa yara a makarantar tauhidi, har suke komawa gida suna cewa ikilisiyar Baptis ba daga Yohanna Mai Baftisma ta taso ba? Kuka ƙara da cewa in mutumin kirki ne, me ya sa nasa suka kore shi? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

An haifi William Whitsitt a 1841 kusa da Nashville, a jihar Tenesi ta Amurka. A yaƙin basasar ƙasar ya bi rundunar Kudu, ɓangaren da ya tsaya kan riƙon bayi, kuma ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan. Bayan yaƙi ya yi karatu a Jamus, a Leipzig da Balin, inda aka koya masa cewa masanin tarihi ba ya faɗin abin da takarda ba ta shaida ba. A 1872 ya fara koyarwa a babbar makarantar tauhidi ta Baptis ɗin Kudu, wadda ta koma Louisville a 1877. Ya zama shugabanta na uku a 1895, bayan rasuwar John Broadus. Ba baƙonmu ba ne, Baba. Daga cikin Baptis ɗin Kudun nan Thomas Bowen ya fito ya iso ƙasar Yarabawa a 1850.

A zamaninsa akwai wata koyarwa mai ƙarfi da J. R. Graves ya yaɗa, mai suna Landmark, wato shaidar iyaka, wadda ta samo sunanta daga Karin Magana 22:28, inda aka hana kawar da tsohuwar shaidar iyaka. Masu ita sun ce ikilisiyoyin Baptis sarƙa ce da ba ta taɓa tsinkewa ba, hannu da hannu tun daga Kogin Urdun, ko da a wasu ƙarnuka an kira su Donatiyawa ko Waldensiyawa ko Anabaptis. Abin da tsofaffin fastocinmu da yawa suka ji ke nan, kuma na san shi kuka ji. Yana da daɗin ji, ni ma da shi na girma.

A 1880 Whitsitt ya je Landan ya zauna a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya, yana bin ƙasidun da aka buga a Ingila a ƙarni na 17 ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya gano shi ne Baptis na farko a Ingila sun ƙi yi wa jarirai baftisma, amma da farko zuba ruwa suke yi wa manya. John Smyth, wanda ya kafa ikilisiya a Amstadam a 1609, shi ya yi wa kansa baftisma, kuma ba nutsarwa ya yi ba. Sai wajen 1641 wata ƙungiya a Landan ta dawo da nutsarwa, bayan ta aiki Richard Blunt zuwa Holan ya ga masu yin haka. Shekara uku bayan nan, a 1644, shaidar bangaskiyar da ikilisiyoyi bakwai na Landan suka fitar ta ambaci nutsar da jiki duka a fili. Whitsitt ya ƙara da cewa ga alama Roger Williams ma, wanda ake danganta wa ikilisiyar Baptis ta farko a Amurka, ba a nutsar da shi ba a 1639.

Yanzu ga laifinsa, don yana da shi. Maimakon ya kawo binciken gaban 'yan'uwansa, sai a 1880 ɗin ya buga shi a wata jarida ta New York wadda ba ta Baptis ba ce, kuma bai sa sunansa ba. Ya rubuta kamar ɗan waje mai yi wa Baptis gyara. Da ya maimaita maganar da sunansa a wani kundin sani, aka tono tsohon rubutun, wuta ta tashi a 1896. Ku da kuka yi shekaru kuna sasanta rigimar ikilisiya kun san yadda mutane ke ji in suka tsinci sirrin gidansu a bakin maƙwabci. Daga baya ya amsa cewa wannan kuskure ne ya nemi gafara, amma bai janye shekarar 1641 ba.

T. T. Eaton, editan jaridar Western Recorder a can Louisville, ya sa shi gaba mako bayan mako. B. H. Carroll na Teksas ya nuna zai kawo shawarar a raba babban taron Baptis ɗin Kudu da makarantar. Kwamitin amintattun da ke kula da makarantar sun goyi bayan Whitsitt a 1897, amma makarantar da ke ci daga baikon ikilisiyoyi ba ta iya jure fushinsu. Ya miƙa takardar murabus a 1898, ya sauka a 1899, E. Y. Mullins ya gaje shi. Ya ƙarasa aikinsa yana koyar da falsafa a kwalejin Richmond, ya rasu a 1911. To ku lura, Baba, ba a same shi da musun Triniti ba, ko allahntakar Almasihu, ko ma nutsarwa. Shi kansa ya gaskata nutsarwa ce baftismar Sabon Alkawari. A kan shekara aka raba shi da kujerarsa, kuma yawancin masanan tarihin Baptis da suka biyo baya sun tsaya inda ya tsaya.

Tsoronku na gane shi: in sarƙar ta tsinke, da me za mu tsaya? Amma ranar da kuka shiga da ni rafi kuka nutsar da ni, ba jerin sunayen Waldensiyawa kuka karanta ba. Romawa 6 kuka buɗe, inda Bulus ya ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma. Wannan ayar ba ta jiran wata takarda daga Landan. Abin da nake gudu shi ne in yaye fasto da labarin da ɗan shekarar farko a jami'a zai rushe masa da wayar hannu, a gaban matasan ikilisiyarsa. Na ga hakan ya faru, kuma yaron bai tsaya kan tarihi kaɗai ba, har sauran wa'azin faston ya fara shakka.

Inda zan ba ku gaskiya shi ne ɗabi'ar yaran. Wanda ya koma ƙauye da darasin mako biyu yana gyara wa dattawa zance a bakin coci ya ɗauki halin Whitsitt na 1880, ya bar haƙurinsa na bincike. Wannan gyaran a wuyana yake, kuma na fara.

Muna shiga ƙarni na 17 a mako na huɗu na zango mai zuwa. In kun amince zan turo mota, ku zo ku zauna a ajin, ku yi wa ɗaliban tambayar da kuka yi mini.

Ɗanku cikin Ubangiji,
malamin tarihin ikilisiya