Twisters: guguwar ta fi labarin ƙarfi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan fim ɗin Twisters na 2024, wanda Lee Isaac Chung ya ba da umarninsa, ganin yadda ake ta koɗa shi babu ƙaƙƙautawa.

Wajen aiki kam, sun yi bajinta. A jihar Oklahoma ta Amurka aka ɗauke shi, inda guguwar take ɓarna kusan kowace shekara, kuma hakan ya fito a hoton: jar ƙasa, filaye iya ganin ido, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Sautin ma sai wanda ya ji, ƙanƙara tana dukan gilashin mota, kwanon rufi yana yagewa. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda mutanen garin El Reno suka fake a gidan sinima, iska ta fizge allon, sai ga guguwar tsaye ƙiri-ƙiri inda allon yake.

Labarin ne bai cika ba. An nuna wani attajiri yana bin waɗanda guguwa ta rushe wa gidaje yana saye filayensu da araha tun hawayensu bai bushe ba. Nan ne naman labarin yake, amma aka ɗan taɓa shi aka wuce. Sai aka koma kan Kate, jarumar fim ɗin, wadda take ɗibar gangunan sinadarin nan mai tsotse ruwa, irin na cikin kunzugun jarirai, wai za ta kashe guguwa da shi. Masana yanayi sun ce ɗan abin da tirela ɗaya za ta ja ba zai yi wa irin wannan guguwa komai ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da bin guguwa a mota don nazarinta wasan samari, har ana harba mata tartsatsin wuta don masu kallo a YouTube. A kusa da wannan gari na El Reno, ranar 31 ga Mayun 2013, guguwa mai faɗin kilomita 4.2 ta kashe Tim Samaras, ƙwararren mai bincike, da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young. Su da suka san aikin ke nan.

Don haka, Malam Edita, idan masu sharhinka za su yabi fim ɗin, su yabi masu kyamara da masu sauti, marubutan kuwa a tambaye su inda suka baro mutanen da aka saye wa filaye.

Na gode,
Wani mai karatu