A fara gyara haruffa da samfuri kafin a yi wa allo kwalliya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin masu aikin rubutu da kwamfuta kan yadda ake sauya fasalin manhajoji irin su Microsoft Word da LibreOffice. Mutum zai ɓata yini guda yana sauya launin allo da 'yan hotunan alama, amma takardar da ya tura wa wani ta isa da akwatuna a gurbin ƙ da ɗ. Gyare-gyaren nan iri biyu ne. Launin manhaja da hotunan alama a kwamfutarka suke zama, ba mai ganin su sai kai. Nau'in haruffa (font) da samfurin takarda (template) kuwa suna bin fayil duk inda ya je, don haka da su ya kamata a fara.

Haruffanmu masu lanƙwasa takwas ne in aka haɗa manya da ƙanana, kuma kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato tsarin duniya da ya ba kowane harafi lambar da kwamfuta take gane shi da ita: ɓ 0253, Ɓ 0181, ɗ 0257, Ɗ 018A, ƙ 0199, Ƙ 0198, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Abin da fayil yake ajiyewa lambar ce. Nau'in haruffan da ka zaɓa shi yake zana ta a allo. Idan wanda ya ƙera nau'in bai zana ƙ ba, ɗayan biyu ne zai faru: ko dai akwati ya fito, ko manhajar ta aro harafin daga wani nau'in dabam ba tare da ta sanar da kai ba. Na biyun ya fi ɓuya, domin kalmar tana karantuwa, sai dai ƙ ɗin ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, wani lokaci ma tazarar layin da yake ciki ta buɗe fiye da sauran. Yawancin haruffan ado da ake saukewa kyauta daga intanet ba su da waɗannan takwas ɗin.

Akwai kuma tsohuwar matsalar da har yau ba ta bar mu ba. Kafin Unicode ya yaɗu, an yi dabarar zana haruffan Hausa a gurbin alamomin da ba a cika amfani da su ba. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, kuma waɗanda suka yi ta sun cancanci godiya. Illarta ita ce idan fayil ya isa kwamfutar da ba ta da wannan nau'in, asalin abin da aka danna shi yake bayyana. Shi ya sa ake ganin }asa maimakon ƙasa, da ]aya maimakon ɗaya, da ~angare maimakon ɓangare. Neman kalma ma ba ya yiwuwa, domin a wurin kwamfuta babu ƙ a cikin }asa. Gyaran shi ne a yi kwafin fayil ɗin tukuna, a danna Ctrl+H, a musanya kowace alama da harafinta na Unicode ɗaya bayan ɗaya. A tabbata ba a kunna Use wildcards ba, saboda a ƙarƙashinsa alamomin baka suna da wata ma'ana ta dabam. Idan rubutun yana ɗauke da baka ta gaskiya, kamar a littafin lissafi, kada a musanya duka a lokaci guda. A bi su ana dubawa.

Nau'o'in da za a dogara da su akwai su kyauta: Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL International, da Noto Sans da Noto Serif na kamfanin Google. Lasisinsu ya yarda a raba su a kuma saka su cikin fayil. Kowane nau'i ka samu, gwada shi kafin ka amince masa. Rubuta haruffa takwas ɗin a layi ɗaya, ka maimaita layin sau huɗu: na yau da kullum, mai kauri, mai karkata, da mai kauri da karkata a haɗe. Ka ƙara girmansu zuwa 48 ka duba da kyau. Dalilin maimaitawar shi ne nau'i guda yakan zo ne a fayil huɗu, kuma yana yiwuwa ɗ ya kasance a na farko amma babu shi a mai karkata. Idan ma fayil ɗaya kawai ka saka, manhajar za ta ƙirƙiri kaurin da kanta ta hanyar kumbura zanen, a takarda sai ya fito a dagule.

Wajen sakawa a Windows, idan ka danna fayil ɗin da maɓallin dama za ka ga Install da kuma Install for all users. Na farkon yana ajiye shi a foldarka kai kaɗai, kuma wasu tsofaffin manhajoji ba sa leƙa wannan foldar, sai ka yi ta neman nau'in a jerin ba ka gan shi ba. Na biyun yana kai shi C:\Windows\Fonts inda kowace manhaja take gani. Bayan sakawa a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗe ta.

Batun bugawa kuma, Windows na da allon madannai na Hausa da ake ƙarawa daga saitin harshe, kuma shi ya fi sauƙi ga mai rubutu da yawa. Wanda ba ya son wannan, a Word da LibreOffice zai iya rubuta lambar harafin ya danna Alt+X nan take ta koma harafi. Akwai tarko a nan da ya shafi Hausa ƙwarai: haruffan a, b, c, d, e, f suna cikin ƙidayar da ake rubuta lambobin da ita. Idan kana son rubuta haɗa, ka buga ha sannan 0257, manhajar za ta haɗa a ɗin cikin lambar ta fito maka da wani abu dabam. Sai ka zaɓi lambobin huɗu kaɗai kafin ka danna. Mafi dacewa a Word shi ne a shiga Insert, sannan Symbol, a zaɓi harafin, a ba shi gajeriyar hanya ta Shortcut Key, misali Alt+K don ƙ.

Yanzu sai samfuri, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Duk sabuwar takardar da Word ya buɗe daga wani fayil mai suna Normal.dotm take samo fasalinta, yana nan a %APPDATA%\Microsoft\Templates. A cikinsa ne nau'in haruffan farko da gajerun hanyoyin da ka ƙirƙira suke zama. Don sauya nau'in dindindin, danna Ctrl+D, zaɓi nau'in da girmansa, danna Set As Default, ka zaɓi duk takardun da suka dogara da wannan samfurin, ba wadda ke buɗe kaɗai ba. Da ka gama, kwafi Normal.dotm ka ajiye a wani wuri. Ranar da ya lalace, ko aka sake wa kwamfutar manhaja, Word zai ƙirƙiri sabo fil ba tare da ko ɗaya daga cikin gyare-gyarenka ba, kuma wannan kwafin ne zai dawo maka da su.

Sai dai ban ba da shawarar a cusa komai cikin Normal.dotm ba. Wasiƙar ofis da rahoto da littafi kowanne ya sami samfurinsa, a ajiye shi da ƙarshen suna .dotx. Ƙarshen .dotm na nufin fayil ɗin zai iya ɗaukar ƙananan umarnin da ke aiki da kansu, don haka samfurin .dotm da ba ka san asalinsa ba abin tsoro ne, ta nan ake shigo da cuta kwamfuta. A LibreOffice samfurin rubutu .ott ne, ana ajiye shi ta File, Templates, Save as Template, inda za a iya sa alamar mayar da shi na dindindin.

Samfuri ba ya amfani in babu salo (style) a cikinsa, wato fasalin rubutu da aka ajiye da suna don a riƙa ɗora shi duk inda ake so. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi kan magana da hannu, a ƙara masa girma da kauri, a maimaita haka sau sittin a littafi guda. In aka ce a rage girman, sai an sake bin sittin ɗin. Da an yi amfani da Heading 1 da Heading 2, gyara ɗaya ya wadatar, kuma jerin abubuwan da ke ciki zai haɗa kansa da lambobin shafi. Tazarar da ke tsakanin sakin layi ma a cikin salon za a sa ta, maki 6 ko 8 a ƙasa, a daina danna Enter sau biyu, domin waɗannan layukan wofi su suke tura kan magana ƙarshen shafi shi kaɗai. A cikin salon kuma a sa harshen rubutun ya zama Hausa, ko a kashe duba kuskuren rubutu, jan layin da ke cika shafi ya ɓace.

Idan za a tura fayil, a tuna kwamfutar wancan ba lallai tana da nau'inka ba. A Word ana saka shi cikin fayil ta File, Options, Save, Embed fonts in the file. Zaɓin saka haruffan da aka yi amfani da su kaɗai yana rage nauyi, amma bai dace da takardar da wani zai ci gaba da gyarawa ba. Wasu nau'o'in na sayarwa lasisinsu ya hana a saka su, Word zai tsallake su. Takardar da karantawa ko bugawa kawai za a yi, a mayar da ita PDF.

Launin manhaja ba shi da wuya. A Office yana ƙarƙashin File, Account, Office Theme. Baƙin launi yana hutar da idon wasu da dare, kuma ba ya shafar abin da firinta za ta fitar. Abin kiyayewa ɗaya ne: a bar launin rubutu a Automatic. Wanda ya mayar da rubutunsa fari da hannu don ya gan shi a baƙin allo, farar takarda zai tura wa mutane. A LibreOffice, in ka koma baƙin launi alamomin sama suka dushe, shiga Tools, Options ka zaɓi jerin alamomin da aka yi wa duhu, kamar Breeze ko Sifr masu alamar dark. Manhajojin da ke taɓa fayilolin Windows na ciki don a sami launukan da kamfanin bai tanada ba, a guje su, domin sabuntawa ɗaya tana iya hana kwamfutar tashi daidai.

Hoton alamar folda kuma ana sauya shi ta Properties, Customize, Change Icon. Fayil ɗin dole ya zama .ico na gaskiya, wanda ke ɗauke da hoto guda a girma dabam-dabam, akasari 16 da 32 da 48 da 256. Sauya wa hoton PNG suna zuwa .ico ba ya mayar da shi haka, kuma mai girma ɗaya tak yakan fito a dishe idan aka faɗaɗa allo zuwa kashi 150. Windows adireshin hoton kawai yake rubutawa a wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini, saboda haka in ka matsar da hoton ko ka goge shi, foldar za ta koma yadda take. A ware wa hotunan folda guda da ba za a taɓa ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta buga wa masu aiko da rubutu sanarwa cewa su turo da haruffan Unicode, ta kuma ba su samfuri guda da za su sauke, wanda aka riga aka sa wa nau'in haruffa da salon kan magana da gajerun hanyoyin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai aikin tsara shafukan littattafai