Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Horar Da 'Yan Mata Ƙwallon Ƙafa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan'uwa kociyoyi maza da mata, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a 2024. Lissafin shiga da fitar kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku da bakinsa.

Tun a taron farkon shekara aka amince cewa gasannin shiyya ta B ta WAFU, wato ƙungiyar hukumomin ƙwallon ƙafa na Afirka ta Yamma, su ne ma'aunin aikinmu. Nan ne matakin farko da yarinyar da ta fito daga hannunmu za ta sa rigar ƙasa, ta kara da takwarorinta na Ghana, Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso da Kodebuwa. To, ma'aunin ya nuna mana abu ɗaya har sau uku. A 2023, a Kumasi, Falconets ta Najeriya sun kai wasan ƙarshe na gasar 'yan ƙasa da shekara 20, aka tashi 1-1, Black Princesses ta Ghana ta ɗauke kofin a bugun fenariti. A watan Maris na 2024, a wasannin Afirka, waɗanda ba na WAFU ba ne, Ghanar ce dai ta doke su 2-1 a Cape Coast bayan ƙarin lokaci. Sai kuma Disamba, a Prampram, inda aka fara gasar 'yan ƙasa da shekara 17: Flamingos ta Najeriya da Black Maidens ta Ghana suka yi 2-2 a wasan ƙarshe, fenariti ya sake bai wa Ghana kofi.

Wasu a cikinmu suna cewa fenariti sa'a ce kawai. Kwamiti bai yarda ba. A gasar cin kofin duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Indiya a 2022, wasa uku a jere fenariti ne ya raba gardama ga Flamingos: sun fitar da Amurka, Kolombiya ta fitar da su, sannan suka doke Jamus suka ɗauki lambar tagulla. Abin da ke dawowa haka a kai a kai ba a barinsa ga sa'a. Shi ya sa bitar kociyoyi ta 2024 ta tsaya a kansa. Mun daina tara yara a bakin raga suna bugawa suna dariya kafin a fara atisaye. Yanzu sai an gama, ƙafafu sun yi nauyi, sannan a jera su a tsakiyar fili. Kowacce ta tako ita kaɗai, ta ajiye ƙwallo da hannunta a tazarar mita 11, sauran suna yi mata ihu, alƙali kuma ya ja lokaci kafin ya busa. Yarinyar da ba ta zubarwa da safe sai ga shi ta ɗaga ƙwallo sama da turke. A wannan tafiyar daga tsakiya zuwa ɗigo ake gane wadda za a bai wa bugu na biyar. Masu tsaron raga ma an ware musu nasu horon, an tuna musu dokar cewa dole ƙafa ɗaya ta kasance a kan layi ko daidai da shi ko bayansa lokacin da aka buga.

Aiki na biyu shi ne takardu, kuma shi ya fi cin lokacin ofishin sakatare. Gwajin MRI na wuyan hannu da ake tantance shekarun maza da shi ba abin dogaro ba ne ga mata, domin ƙashinsu yana riga na maza haɗewa. Saboda haka takarda ce shaidar yarinya: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, sannan fasfo. Da muka bi fayil-fayil, mun tarar da yarinyar da sunanta iri uku ne a takardu uku, da wadda makaranta ta rubuta mata shekara ɗaya, takardar haihuwa ta nuna wata. Gyaran irin wannan yana ɗaukar watanni, gayyatar sansani kuwa takan zo ne a ƙurarren lokaci, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Mun kuma faɗa wa kowa ƙarara, duk kocin da aka kama yana rage wa yarinya shekaru ba ya tare da mu. Banda zubar da mutunci, yana cinye gurbin ƙanwarta da ta cancanta.

An ci gaba da ziyarar iyaye. Tambayar da ta fi yawa ita ce ta sutura da karatu. Muna nuna musu cewa tun 2014 dokokin ƙwallo suka halatta rufe kai a fili, kuma a tsarinmu yarinyar da ta bar zuwa aji ba ta shiga atisaye. Kociyoyi mata su suka fi samun shiga a wannan aikin, amma sun yi mana kaɗan ƙwarai.

Inda muka gaza kaiwa shi ne wasannin sada zumunta. Filin da aka yi mana alkawari an janye shi ana tsakiyar damina, motar haya kuma ta fi ƙarfin asusu, sai aka taƙaita ga ƙungiyoyin da ke kusa da juna. Wannan giɓi ne babba, don atisaye ba ya koya wa yarinya abin da minti 90 a gaban baƙuwar ƙungiya ke koya mata.

Daga 2025 gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 za ta koma duk shekara, da ƙasashe 24, kuma Maroko ce mai masauki har zuwa 2029. Ke nan kowace shekara za a nemi sabbin yara, 'yar shekara 14 ta yau ita ake jira. Kwamiti na neman amincewarku a kan abu biyu: a fara rajistar yara tun daga shekara 12, kuma a ware wani kaso na kuɗin wata-wata don tura mambobi mata kwas ɗin lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Kowane koci ya zo taro na gaba da kwafin takardun haihuwar yaransa, waɗanda ake bin su kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin a tashi.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.