Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan gyambon da ke rikiɗewa ya zama kansa

Assalamu alaikum ranka ya daɗe.

Kawuna ƙanin mahaifiyata yana yaro ya faɗa kaskon wuta da sanyin hunturu, ƙafar hagu ta ƙone daga ƙwauri har idon sawu. Ta warke da kanta a gida, ta bar tabo fari mai sheƙi, ya yi sama da shekara 30 yana noma da ita lafiya lau. Sai wata damina tabon ya tsage, ɗan ƙarami kamar kan yatsa. Shekara biyu ana wanke masa a kyamis, a shafa jibi, a fasa kafso a barbaɗa a ɗaure da bandeji, wasu su ce jifa ne wasu su ce ciwon suga, har bakin ciwon ya tashi ya yi tudu kamar farin kabeji, da an taɓa sai jini, ga wari har ya daina shiga sahu a masallaci don kunya. Wannan ita ta fi ci min rai wallahi.

Ranar da muka kai shi babban asibiti likita bai fara da ƙafar ba, matsematsinsa ya laluba ya ji kaluluwa ta yi tauri kamar dutse. Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito kansar fata ce, irin wadda ake kira gyambon Marjolin, sunan wani likitan Faransa da ya yi bayanin irin wannan ciwo a 1828. Ya ce mana kansar fata ta yau da kullum in an kama ta da wuri yankewa ake ta tafi, amma wadda ta tsiro a tsohon tabon ƙuna ko gyambo ta fi mugunta, tana saurin kaiwa kaluluwa. Maganin shi ne a yanke da faɗi har da lafiyayyen nama a gefe, a ɗebo fata a cinya a dasa, wani lokaci a haɗa da gashi na na'urar asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa. Shi ta riga ta ci ƙashi. Aka yanke ƙafar, bai cika shekara ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranka ya daɗe kai ɗan Misau ne, ka san yadda ake kwana da garwashi a ɗaki a ƙauyukanmu, ka san yara nawa ke ƙonewa. Roƙona kaɗan ne. A ba ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi umarni a rubuce, duk tsohon tabon da ya buɗe ya ƙi rufewa wata uku a daina wanki a tura shi a ɗebi nama. Kuma kuɗin gwajin nan a ɗauke wa talaka, don mu sai da muka sayar da tunkiya.

Sannan asusun tallafin masu kansa da aka fara a 2021, kansar mama da ta bakin mahaifa da ta 'prostate' da ke ƙasan mafitsarar maza aka sa a gaba. Dan Allah a shigar da ta fata, har saboda 'yan uwanmu zabiya da rana ke cin fatarsu tun suna matasa.

Jikar kawun nan nawa ma ruwan zafi ya ƙona ta bara a hannu, kullum idona na kan tabon.

Allah ya taimaki Minista.